Me Ya Sa Muke Son 'Ya'yanmu Maza Da Mata Su Shiga Karatun Injiniya?



A zamanmu na ƙarshen wata, da aka zo kan batun asusun tallafin karatu, kwamitin ilimi ya kawo shawarar a ware wani kaso na musamman domin yaran da za su bi layin kimiyya da injiniya, maza da mata. Maganar ta ja muhawara sosai, har lokaci ya ƙure ba a kammala ba. Ɗaya daga cikin dattawanmu ya yi tambaya a fili, ya ce yaron da ya karanci lauya, da wanda ya zauna a shago, da wanda ya karanci injiniya, ai duk namu ne, to me ya sa za a fifita wani layi a kan wani? Tambaya ce mai nauyi, kuma ta cancanci amsa a natse. Shi ya sa aka ce ofishin sakatare ya rubuto dalilan a nan, domin wanda bai samu halarta ba ya karanta, ya auna, sannan ya zo zama na gaba da ra'ayinsa.

Bari mu fara da abin da ya faru a gabanmu, wanda da yawanku kun sa kuɗinku a ciki. Mun yi karo-karo muka haƙa rijiyar burtsatse a unguwa. Ɗan kwangila ya kawo takardar ƙiyasi cike da lambobi da sunayen kaya, muka zagaya da ita hannu zuwa hannu, kowa ya duba jimillar da ke ƙasa, aka yi ciniki, aka biya. Ba a yi wata huɗu ba injin jan ruwan ya ƙone. Aka sake tara kuɗi aka sayo sabo, shi ma ya ƙone. Wasu suka ce wutar lantarki ce, wasu suka ce jabun kaya aka kawo mana, wasu ma har suka fara zargin 'yan kwamiti da cin kuɗi.

Wadda ta warware mana matsalar 'yar ɗaya daga cikinmu ce, tana shekara ta biyu a karatun difloma na lantarki. Da ta zo hutu mahaifinta ya ba ta labari, sai ta yi tambaya guda: kafin a sayi injin, an auna yawan ruwan da rijiyar ke iya bayarwa a awa ɗaya? Babu wanda ya auna. Ashe injin ya fi ƙarfin rijiyar, yana zuƙe ruwan ya ƙare, ya ci gaba da juyawa a bushe har ya yi zafi ya ƙone. Ta ce a sa ƙaramin inji daidai da rijiyar, a haɗa masa na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya yi ƙasa. Aka yi haka, har yau muna shan ruwa. Kuɗin inji biyu da sunan mutanen kirki da aka kusa ɓatawa, duk saboda babu ɗaya a cikinmu da ya san tambayar da ya kamata a yi.

Dalili na farko ke nan. Al'ummar da ba ta da masu karanta takardar ɗan kwangila, kullum a hannunsa take. Yau rijiya ce, gobe tiransifoma, jibi ginin makaranta ko rumfunan kasuwa. Muna tara kuɗi da gumi, amma wajen kashe su sai dai mu yarda da abin da aka gaya mana.

Dalili na biyu ya fi wannan zurfi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wanda zai ƙera wani abu, da irin rayuwar da ya sani yake ƙera shi. Ku tuna da marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya taso a gidan masu ginin tukwane. Ya ga manoma suna asarar kayan lambu saboda babu lantarki balle firji, sai ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya. Ana sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da ke tashi daga yashin shi ke tafiya da zafi, sai cikin ƙaramar tukunyar ya yi sanyi, gauta da tumatir da alayyaho su daɗe ba su lalace ba. Wannan aiki ya ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Kuma ku lura, dabarar ta fi aiki a busasshiyar iskar Arewa, a nan Legas da iska ke ɗauke da laima ba ta sanyi kamar can. Sai wanda ya san ƙasar, ya san yumɓu, ya kuma san kimiyyar abin, zai iya haɗa wannan.

Idan masu ƙira duk iri ɗaya ne, wanda ba ya cikinsu shi ake mantawa da shi, ko da ba da mugun nufi ba. Akwai 'yar na'urar da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa a asibiti domin auna iskar da ke cikin jininsa. Da haske take aiki, kuma launin fata yana shafar hasken. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun gano cewa na'urar tana kasa nuna ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da yadda take kasawa a jikin farar fata. Haka nan a harkar mota, an daɗe ana gwajin hatsari da mutum-mutumin da aka yi bisa girman jikin namiji. Wani bincike na Jami'ar Bajiniya a 2011 ya nuna cewa mace direba da ta ɗaura bel ta fi namiji haɗarin samun mummunan rauni da kashi 47 cikin ɗari a hatsari iri ɗaya. Waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi da ɗakunan gwaji, amma sun gane cewa rashin mata da baƙar fata a ɗakin ƙira yana jawo kuskuren da rai ake biyansa da shi. Shi ya sa manyan makarantun injiniya a can suke neman ɗalibai daga kowane jinsi da kowace al'umma.

To mu namu matsalolin wa zai duba su? Tumatir yana tasowa daga Kadawa da Ɗanja a kwanduna, a jibga su a tirela, kafin ya iso kasuwar Mile 12 na ƙasa ya dame. Shanu suna kwana da kwanaki a tsaye cikin mota kafin su iso mayankar Oko-Oba. Mai nama ba shi da wurin sanyaya abin da ya kwana. Mai albasa yana kallon ta tana ruɓewa a damina. Duk waɗannan tambayoyin injiniya ne: yadda za a ƙera akwatin da ba ya danne kaya, ɗakin sanyi mai aiki da sola, motar dabbobi mai iska da wurin ba su ruwa, rumbun albasa da iska ke ratsawa. Yaron da ya tashi yana taya mahaifinsa sauke kwando ya san wannan ciwon tun kafin ya shiga aji. Abin da ya rage masa shi ne lissafin da zai mayar da sanin nan ya zama magani.

Dalili na uku shi ne abinci. Mu gaya wa kanmu gaskiya, yawancin matasanmu da ke zuwa Kudu a kan sana'o'i kaɗan suke: acaɓa, gadi, ga-ruwa, dako, wankin takalmi, tura baro. Sana'o'i ne na halal kuma sun rufa wa gidaje da yawa asiri, amma doka ɗaya tana iya share su a dare ɗaya. Mun gani da idonmu. Ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, a watan Satumba na shekarar ta ƙara wasu huɗu. Kun san yawan waɗanda suka zo ofishin nan suna neman kuɗin motar komawa gida. A wannan tsakanin kuma a gabanmu aka gina gadar sama ta Pen Cinema a Agege, aka buɗe layin dogo na Legas zuwa Ibadan a 2021, aka ƙaddamar da matatar man Ɗangote mai tace ganga 650,000 a rana a Lekki a 2023, jirgin ƙasa na cikin gari ya fara bi ta Agege a 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar masu walda, masu haɗa waya, masu awo, masu kula da inji na shekaru masu yawa. Mu tambayi kanmu, yaranmu nawa ne suka shiga waɗannan wurare da hular kwano da takardar zane a hannu, nawa ne kuma suka tsaya a bakin ƙofa suna gadi ko sayar da shayi?

Dalili na huɗu ya shafi gida. A 2020 aka fara shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Ana aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Madatsun ruwa irin su Kainji na 1968 da Tiga na 1974 sun manyanta, suna buƙatar masu duba lafiyarsu a kai a kai. Abin da ya faru a Maiduguri a watan Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya cinye gari, ya isa ya nuna mana cewa kula da irin waɗannan gine-gine magana ce ta rayuka. Yaron da muka haifa a nan yana jin Hausa a gida, Yarbanci a layi, Turanci a makaranta. Idan ya zama injiniya, zai iya yi wa manomin Kura bayani da harshensa, ya kuma zauna da ɗan kwangilar Ibadan su fahimci juna. Wannan baiwa ce da zaman Kurmi ya ba 'ya'yanmu kyauta, bai kamata ta ƙare a cinikin bakin titi kaɗai ba.

Yanzu mu zo kan 'yan mata, inda muhawarar ta fi zafi. Wasu sun ce aikin injiniya na ƙarfi ne, hawa sama ne da ɗaukar ƙarfe, bai dace da mace ba. Wannan hoton wani ɓangare ne kawai na aikin. Akwai injiniyan kwamfuta, da na sarrafa abinci, da na sinadarai, da na kayan asibiti, da na albarkatun ruwa, waɗanda yawancin aikinsu a ɗakin gwaji ne ko a kan tebur. Kuma mata sun daɗe a fagen. Injiniya Joanna Maduka ta jagoranci kafa ƙungiyar mata injiniyoyi ta ƙasa, APWEN, tun 1982. Ƙungiyar injiniyoyi ta Najeriya da aka kafa a 1958 ta samu shugaba mace ta farko, Injiniya Margaret Oguntala, a watan Janairu 2024, bayan shekara 66. Sannan mu duba cikin gidajenmu. Wa ke ɗibar ruwa? Wa ke shaƙar hayaƙin murhu? Wa ke fama da injin markaɗe da na niƙa? Idan za a gyara murhu ko famfo, wadda ta yi shekaru tana amfani da su ta fi kowa sanin inda suke cutarwa. Kada kuma mu manta, wadda ta ceto mana rijiya mace ce.

Ba mu raina damuwar iyaye ba. Karatun yana da tsawo, akwai watannin koyon aiki a kamfani, wani lokaci nesa da gida, kuma akwai maganar aure. Waɗannan abubuwa ne da ake tsarawa. Makarantun suna nan kusa da mu, yarinya za ta iya zuwa daga gida ta dawo. Ƙungiya za ta iya taimakawa wajen nema mata wurin koyon aiki a hannun mutanen da muka sani muka amince da su. Aure kuma ba ya hana karatu idan an sa maganar a gaba tun wajen neman aure, an yi yarjejeniya a gaban manya.

Wasu kuma sun ce ga injiniyoyi nan da digiri suna yawo babu aiki, alhali ɗan kasuwa ya gina gida. Akwai gaskiya a nan, ba za mu musa ba. Wanda ya haddace littafi kawai, bai taɓa riƙe sifana ba, yana jiran aikin gwamnati, zai iya daɗewa yana jira. Amma wanda hannunsa ya iya, kansa kuma ya san dalili, da wuya ya kwana da yunwa a garin da kowane gida ke neman mai haɗa sola, mai gyaran janareta, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Kasuwanci ma ba kishiyar injiniya ba ne. Ɗan kasuwar da ya san yadda ake niƙa tumatir a zuba a gwangwani ya fi wanda ke zubar da ruɓaɓɓe a bola riba. Jinin ciniki muna da shi tun kakanni, ilimin sarrafa kayan ne ya yi mana ƙaranci.

Akwai kuma wanda ya ce wannan duk neman kaso ne, a ba mu gurbi don muna 'yan Arewa. Gaskiya ne jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda suka yi baya a ilimin boko, kuma yawancin jihohinmu na asali suna cikin wannan rukuni na ƙarshe. Haƙƙi ne, yaranmu su yi amfani da shi, su kuma tanadi takardar shaidar asalin jiha tun da wuri. Amma kaso a bakin ƙofa yake tsayawa. Gada ba ta san daga wace jiha wanda ya zana ta ya fito ba, idan lissafin bai yi daidai ba faɗuwa za ta yi. Abin da muke nema shi ne yaranmu su shiga da shiri, su fito da ƙwarewar da ba mai raina ta.

Ina ne ƙofar take rufewa? Mun bincika tsakaninmu, mun ga ba a jami'a ba ne. A aji ɗaya na babbar sakandare ne, ranar da ake raba yara zuwa kimiyya ko adabi ko kasuwanci. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar yana zaɓa shi kaɗai, sau da yawa don tsoron lissafi ko don bin aboki, uba yana kasuwa bai ma san an yi zaɓen ba. Wanda ya ajiye Fiziks da Kemistiri a ranar, ya rufe wa kansa ƙofar injiniya. Domin a jarabawar JAMB ana buƙatar Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, a WAEC ko NECO kuma kiredit biyar da suka haɗa da waɗannan huɗun. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hanya kuma ba ɗaya ba ce. Digirin injiniya shekara biyar ne, ga Jami'ar Legas, ga ta jiha da ke da sashen injiniya a Epe, ga ta Ahmadu Bello a Zariya da ta Bayero a Kano ga mai son komawa gida. Akwai hanyar difloma, shekara biyu, sai shekara ɗaya ta koyon aiki, sai wasu biyu na babbar difloma, kamar a kwalejin fasaha ta Yaba da ke nan tun 1947 ko ta Kaduna. Akwai kwalejojin koyon sana'a na gwamnati a Agidingbi da Ikotun da Ikorodu da Epe da Ado-Soba, inda yaro zai fito da takardar NABTEB da sana'a a hannu. Hukumar COREN da aka kafa a 1970 tana yi wa matakai huɗu rajista, tun daga mai sana'ar hannu har zuwa cikakken injiniya, kuma ana iya hawa daga wannan mataki zuwa na sama. Wasunmu da muka tsaya a difloma mun san ƙimarta, mun kuma san abin da ya hana mu wucewa, wanda yawanci kuɗi ne da rashin mai nuna hanya. Yanzu akwai asusun rancen ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024, ba ruwa a cikinsa, ga ɗaliban makarantun gwamnati. Akwai tallafin PTDF a fannonin man fetur da gas, akwai kuma hukumomin tallafin karatu na jihohinmu.

Ga abin da kwamiti zai kawo gaban zama mai zuwa domin a amince ko a gyara. Na ɗaya, darasin Lissafi da kimiyya kyauta ranakun Asabar da Lahadi ga yaran aji uku na ƙaramar sakandare zuwa sama, ajin 'yan mata daban. Na biyu, duk mai yaro ko yarinya da za su shiga babbar sakandare ya sanar da ofis kafin a koma hutu, domin a zauna da shi da yaron kafin a cike takardar zaɓen layi. Na uku, kason da za a ware daga asusu ya tafi wajen kuɗin jarabawa da kayan zane da na koyon aiki, kuma a raba shi daidai tsakanin maza da mata. Na huɗu, duk ɗan uwa mai gareji, ko shagon walda, ko sana'ar sola, ko wanda ke aiki a kamfani, ya ba da sunansa domin karɓar ɗalibai lokacin koyon aiki. Na biyar, ɗalibanmu da suka riga suka shiga su riƙa zuwa lokacin hutu suna yi wa ƙannensu bayani.

Ga dattijonmu da ya yi tambaya, Baba, amsarmu ita ce duk namu ne, kuma ba za a rage wa mai karatun lauya ko likita ko malanta komai ba. Amma idan aka duba rajistarmu, a wancan ɓangaren muna da wakilai, a wannan kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Inda rufi ya ɓule nan ake fara liƙewa.

Muna roƙon iyaye mata musamman su halarci zama na gaba, domin su ne suka fi sanin wace yarinya ce ke kwance rediyo ta mayar, wane yaro ne ke haɗa mota da gwangwani. Wanda ke da shawara ko suka ya rubuta a ƙasa cikin mutunci, za mu tattara mu karanta a gaban kowa.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.

Daga ofishin Sakatare.